Neman Dutsen Gidanmu a Tsaunin Inari

Kyoto, farkon kaka

Yaya Motoharu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kai da maiɗakinka Shizue da yara kuna lafiya, tuffa kuma ta yi albarka bana. Mu ma lafiya, sai dai idon Inna.

Likita bai ɓoye mata ba. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma da wuya ya kai ƙarshen sanyi. Ni na yi ta kuka, ita ko gezau. Sai a hanyar gida ta ce abu ɗaya take so: a kai ta gaban dutsen gidanmu da ke kan Tsaunin Inari, wanda Kaka ya kafa wa abin bautar gidan, ta gan shi tun da sauran gani. Sau ɗaya ta taɓa zuwa, tana amarya.

To ga inda kunya ta kama ni. Da tsaunin nan nake cin abinci. Kullum ina janye baƙi 'yan yawon buɗe ido daga jerin jajayen ƙofofi inda ake turereniya ana ɗaukar hoto, in zaga da su ta bayan tsauni, cikin kurmin gora, inda ba ka jin komai sai gora na gogar juna da ɗigar ruwa. Jiya wani baƙo mai surutu kamar rediyo ya yi tsit da muka shiga, har ya cire hula ba wanda ya sa shi. Ni kaina har yau tsigar jikina takan tashi a wurin. Duk wata kwana na san ta, amma inda dutsen gidanmu yake ban sani ba. Ai ka tuna, kai kaɗai Baba yake ɗauka, ni 'ya mace sai a bar ni a ƙasa da alawa a hannu.

Duwatsun kuwa dubbai ne, kowane gida da nasa, sun cunkushe kamar 'yan kasuwa. Gabansu sunan abin bauta ne, sunan gida sai an leƙa baya. Tun rasuwar Baba ba wanda ya taka wurin, shekara ashirin da ɗoriya, don haka na san gansakuka ta gama cinye namu. Duk ranar da ba ni da baƙi ina can ina kankare bayan waɗanda aka yasar. Farcena ya ƙare, ban ga sunan gidanmu, Kuramoto, ko sau ɗaya ba.

Ka rubuto mini hanya. Kada ka bugo waya, na san ka, “eh” da “a'a” kawai ka iya a cikinta.

Ƙanwarka,
Chizuru


Aomori, tsakiyar girbi

Chizuru,

Na samu saƙonki. Muna lafiya, muna gaishe ku. Maganar idon Inna ta hana ni sukuni.

Ga abin da na tuna. Idan kin wuce tafki, ki bar ƙofofi ki yi hagu. Za ki gangara, ki sake hawa har ki tarar da wani ƙaton itace mai rassa biyu tun daga gindi. Daga nan za ki fara jin ƙarar ruwan da masu ibada suke tsayawa a ƙarƙashinsa. Namu yana sama da shi kaɗan. Iyakar sanina ke nan, yaro ne ni, hankalina yana kan soyayyiyar awarar da muke kai wa gumakan yanyawa masu gadin dutsen.

Baba da tsintsiya yake zuwa. Idan ya gama share namu, sai ya share na maƙwabci da ke dama, ya wanke shi tas, alhali bai taɓa ganin mai shi ba. Na taɓa yi masa mita don na gaji. Ya ce ganye ba ya tambayar iyaka kafin ya faɗo.

Akwai wata mai rumfar shayi a ƙasan ruwan, wurinta yake sayen kyandir. Ki tambaye ta. Na san 'yar jagora ba ta son a ga tana tambayar hanya, amma matambayi ba ya ɓata.

Hawan Inna kuwa ban yarda ba. Gwiwarta fa? Ki ɗauko mata hoto. Ni ba zan iya barin gona ba sai ƙanƙara ta sauko.

Yayanki,
Motoharu


Kyoto, ganye ya yi ja

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ka zauna kafin ka karanta, don ni a tsaye abin ya same ni.

Itacenka mai rassa biyu guguwa ta kayar da shi tun tuni. Na haɗiye girman kai na shiga rumfar. Sunan matar Iya Tokie, ta tsufa tukuf amma bakin nan yana nan da kaifinsa. Ina ambaton sunan Kuramoto sai ta ajiye buta ta kalle ni sama da ƙasa.

“Ke 'yar mai tsintsiya ce? To ke da kike tsayar da baƙinki a gaban dutsen ubanki kina zuba musu bayani kamar malamar makaranta, me kike nema kuma?”

Na ce, “Iya, wane dutse?”

“Wanda ya fi kowanne tsabta mana! Kai, yaran yanzu. Ido har ido, ba gani.”

Yaya, na san shi. Sau nawa na nuna wa baƙi shi ina cewa su dubi gidan da bai manta da kakanninsa ba! Ko sau ɗaya ban leƙa bayansa ba, ina can ina tonon waɗanda aka yasar.

Mai sharewar wani tsoho ne, Yasaburo, mai saƙar tabarmar ɗaki daga wajen Osaka. Shi ne mai dutsen dama. Iya ta ce lokacin da matarsa ta yi doguwar jinya ya daɗe bai hau ba, da ya dawo ya tarar da nasa a wanke. Ba su taɓa haɗuwa da Baba ba, ranakun zuwansu daban. Da ya ga ganye ya fara taruwa a kan namu, ya gane mai tsintsiya ya tafi, sai ya ɗauki aikin. Tun farkon zafin bana dai bai sake zuwa ba, ƙafa ta ƙi.

Na ba Inna hoto kamar yadda ka ce. Ta miƙo mini shi ta ce, “Yayanki ya ci tuffa a hoto in gani.” Kada ka yi faɗa, mun hau.

Da sassafe muka bi ta kurmin gora, tana riƙe da kafaɗata, muna tafiya muna hutawa. Sannu ba ta hana zuwa. Hazo ya sauko har gwiwa, ba kowa sai mu, gorar ta yi sama har ba a ganin ƙarshenta. Da rana ta fara ratsowa sai hasken ya zubo tsakanin gorar zara-zara, ko'ina ya koma kore, har fatar hannunmu. Inna ta tsaya ta ɗaga kai. Ta ce, “Ashe haka wurin yake? Ran da na zo ina amarya ƙafafuna kawai nake kallo don kunya.” Ta ce in yi shiru, na kuwa yi, abin da ka san ba halina ba ne. Na hau tsaunin nan ba adadi, amma ran nan ji na yi kamar shi yake kallonmu, tsoro da daɗi suka cika ni lokaci guda.

A hawan ƙarshe gwiwar ta ƙi, na goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, Yaya, wannan ma ya sa ni hawaye.

Da muka isa ta matsa har hancinta yana taɓa dutsen. Ta ga jan ƙyallen da ke wuyan yanyawa, ta zaga baya ta karanta sunan gidan da kanta, harafi bayan harafi. Muka kunna kyandir, muka ajiye awara, ta tafa sau biyu ta sunkuya. Sai ta miƙa hannu ta shafa na dama. Yatsunta suka nutse cikin gansakuka.

“Wannan ba ta bana ba ce,” in ji ta. “Namu ganyen wata kaɗan ne a kansa. Nasa ya yi shekaru.”

Iya Tokie, da ta biyo mu da butar shayi tana haki, ta ce, “Ƙwarai. Da ƙarfinsa ya ragu, dutse ɗaya yake iya wankewa a zuwa guda. Na ce masa, kai tsoho, ka fara da naka mana. Ya ce nasa ya san shi, zai yi masa uzuri, na maƙwabci kuwa amana ce.”

Inna ta naɗe hannun riga ta durƙusa a kan gwiwar nan da kake tsoro, ta fara ciccire gansakukar da hannu. Na ce ta bari in yi, ta ce in ɗebo ruwa in rufe mata baki. Ba mu sauko ba sai da sunan gidansa ya fito fili.

Iya ta ba ni kwatancen gidan 'yarsa, inda yake zaune yanzu. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Chizuru


Kyoto, sanyi ya shigo

Ɗana Motoharu,

Ina gaishe ka, ina sa maka albarka kai da iyalinka. Chizuru ce take rubutawa, na ce kada ta ƙara gishirinta.

Idon ya rufe, ya riga lissafin likita. Kada ka damu, abin da na roƙa na gani.

Mun je wurin Yasaburo. Ya sunkuya, na sunkuya, muka yi ta yi har Chizuru da 'yarsa suka gaji. Godiyata ya ƙi karɓa. Abu ɗaya ya roƙa, wai a faɗa masa kamannin maƙwabcinsa, don shekara da shekaru yana ƙoƙarin kwatanta shi a ransa. Na zauna na faɗa masa tiryan-tiryan, har tabon haɓarsa. Bai yi mini wuya ba, don tun da idon ya rufe babu fuskar da nake gani sarai kamar ta babanku.

Ka zo gida. Ka huta lafiya.

Mahaifiyarka,
Fusae