Saƙon da Ya Nemi Kalmomin Sirrin Baba

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya buɗe wa manoman ƙauyenmu asusun kirifto, wato kuɗin intanet,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare, ban taɓa rubuta wa wani babba wasiƙa ba sai a jarrabawa. A yi mini afuwa idan na yi kuskure.

Bara wakilinku ya zo kasuwarmu ya buɗe wa mutane asusu a wayoyinsu, har da mahaifina, wanda ke noman rani a Watari. Baba ya zuba kuɗin albasarsa a ciki, yana tarawa don ya sayi injin ban-ruwa ya huta da haya. Wakilin ya sa shi ya adana wasu kalmomi goma sha biyu, ya ce su ne mabuɗin dukiyarsa. Ya kuma ce duk saƙon da ya zo da tambarinku, naku ne. Wannan magana ta biyu ce ta kusa halaka mu.

Ranar Larabar makon jiya, bayan la'asar, Baba ya miƙo mini waya in karanta masa wani imel, domin ba ya jin Turanci. Tambarinku na nan a sama. Saƙon ya ce an ga wani yana ƙoƙarin shiga asusunsa, kuma za a rufe shi gobe idan bai danna wani wuri ya rubuta kalmominsa ba. A wurinmu, takardar da ta zo da hatimi ba a yi mata musu, kuma Baba yana ganin rashin ladabi ne a bar manya suna jiran amsa. Ya ce in yi maza. Na danna, shafin ya yi ta juyawa bai buɗe ba. Gidanmu babu sabis mai ƙarfi sai an hau tudun bayan gari, ga magariba ta gabato, Inna ta ce babu inda zan je. Baba ya yi faɗa, ya haƙura sai gobe.

Washegari a makaranta na tsaya a ƙofar ofishin malamai har aka kusa komawa aji, kafin na iya tambayar Malama Rabi, malamar kwamfuta, ma'anar wani wuri da ban gane ba a saƙon. Ta tambaye ni inda na gan shi. Da na faɗa mata, ta ajiye alli ta ce in tafi gida yanzu in riƙe wayar nan. Da gudu na bi ta cikin gonaki, ina tsoron ko Baba ya riga ya kai wa mai cajin waya ya shigar masa da kalmomin a shafin. Na tarar Baba ya aiko a karɓi wayar, amma Inna, da yake hankalinta bai kwanta da saƙon ba, ta ce wai wayar ta mutu, ba ta ba da ita ba. Na karɓi wayar na riƙe, na zauna a ƙofar ɗaki.

Da yamma Malama ta zo har gida, ta gaida Baba, muka hau tudun nan tare, ta buɗe manhajarku kai tsaye ba ta cikin saƙon ba. Babu wani gargaɗi a ciki, kuɗinsa kuma suna nan cif. Alhamdu lillahi. Da muka dawo, Baba ya sa Inna ta cika wa Malama kwando da albasa.

Ranka ya daɗe, ga ƙorafina:

Na ɗaya, tambari ba shaida ba ce. Malama ta nuna mana kowa zai iya kwafarsa ya liƙa a saƙo. Wakilinku ya koya wa mutanenmu akasin haka, ya tafi, ba mu ƙara ganinsa ba.

Na biyu, alamomin damfarar ba su da wuya, faɗa mana ne ba a yi ba. Adireshin da saƙon ya fito ba shi da dangantaka da naku. Bai kira Baba da sunansa ba. Yana tsoratarwa, yana gaggautawa, don kada mutum ya sami damar yin shawara. Mafi girma, ya nemi kalmomin sirri, alhali kamfani na gaskiya ba ya neman su daga kowa, kuma wanda ya same su ya kwashe komai, babu mai dawo da shi. Malama ta ce duk wannan yana rubuce a shafinku, amma da Turanci, a wurin da manomi ba zai taɓa shiga ba.

Na uku, a gidaje da yawa mu 'yan makaranta ne masu karanta wa iyaye saƙo. Idan uba ya ce a danna, wace yarinya ce za ta ce a'a, in ba ta da hujjar da za ta nuna masa?

Don haka ina roƙo ku sa gargaɗin da Hausa a farkon manhajar, har da murya saboda waɗanda ba sa karatu. Ku sanar a rediyo. Ku dawo da wakilin nan kasuwar da ya tsaya, ranar da ta cika, ya janye maganarsa da bakinsa a gaban waɗanda suka ji ta. Mu mun tsira, amma maƙwabtanmu da dama suna da asusun nan, kuma har yanzu da maganarsa suke aiki.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon riƙe amanar talakawan da suka yarda da ku, Ya tsare dukiyarka kamar yadda Ya tsare ta mahaifina.

Wassalam.

Taka cikin ladabi,
Hauwa'u,
daga wani ƙauye kusa da Watari.