Ayar da na daina karantawa a gabanki

Assalamu alaiki, Inna. Allah ya haskaka makwancinki, ya sanyaya miki shi.

Bayan haka, ɗiyarki ce daga Doha. Na gaji, Inna. Ba gajiyar aikin gidan Larabawa ba, wannan na saba da ita. Maganar jikanki Abba ce.

Kin bar shi yana rarrafe, yanzu yana jami'a. Akwai wani ƙaramin jirgin sintiri na sojan ruwa, mai launin toka, da ake ɗaukar ɗalibai a ciki ana koya musu aikin teku. An zaɓe shi. Tun makon jiya yake bina a ɗan ɗakinmu na unguwar Mansura, wai ba zai sa ƙafa a ciki ba sai na ce na yarda. Mahaifinsa ya ce khalas, wato shi ke nan, maganar tana hannuna, ya ɗauki makullin mota ya fita.

Ta yaya zan ce na yarda? Ina tsaye a bakin ruwan Yawuri ranar da aka fito da gawar Yaya Sani. Ke kika ce, "Nawa ba mai sake hawa ruwa." Ba ki ɗaga murya ba, kuma ba wanda ya sake.

Kin tuna lokacin da allona ya kai ayar shiga jirgin Annabi Nuhu? Ina farawa sai ki ajiye tankaɗen ki shige ɗaki. Daga nan na koma karanta ta a zuci. Har yau in na zo wajen a tilawa, muryata sauka take yi.

Jiya Abba ya kai ni na ga jirgin. Ashe ɗan mitsitsi ne, Inna, ga teku ba iyaka. Yaron nan yana shafa ƙarfensa, fuskarsa sak ta Yaya in ya riƙe filafili. Na nemi hujjar hana shi a duk abin da malam ya koya mana, ban samu ba. Tsoronmu kawai na samu.

Da safen nan ya durƙusa da jakarsa. Na dafa kansa, na karanta masa ayar, da ƙarfi, har ƙarshe. Ya tafi.

Ki yafe mini. Allah ya jiƙanki, ya jiƙan Yaya, ya dawo mini da wannan.

Taki,
Hajara