Gadar Amarya

Zuwa ga ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali da kasuwar katako kuna lafiya. Kada ka yi wa rubutuna dariya, malamin ajin yamma ya ce na wuce wannan matakin.

Albishirinka! Jikata za ta zo hutu. Likita ya yarda, uwarta ma ta yarda, da sharaɗin kada keken da take zama a kai ya yi tsalle ko kaɗan, saboda aikin da aka yi mata a gadon baya. Da muka yi waya na ce, "Amarya, ni zan goya ki zuwa ɗakina." Ta ce, "Tsoho, ni ba buhu ba ce. In ba da kaina zan hau ba, a tsakar gida zan zauna."

Ka san ɗakina a kan tudu yake, sai an taka matakala. Tagar ɗakin kuwa ita take son gani, don na sha ba ta labarin jirgin ƙasa da ke wucewa can bayan gonaki kamar zare a cikin hazo. Saboda haka zan yi mata gada mai gangara a hankali. Na auna, ƙafa goma sha shida ce. Ka nemo mini katakon filawud falle ɗaya mai wannan tsawo, ba haɗi, don ƙaramar tayar gaba tana faɗawa ko wace tsaga. Tun da na auna nake mafarkinsa, fari sol, shimfiɗe daga bakin ƙofata har gindin bishiya, tana tahowa a kai kamar kwalekwale.

Ka huta lafiya.
Yayanka

Yaya,

Mun gode Allah da labarin 'yar. Amma kai da ka tsufa da zarto a hannu, yau ka manta filawud ƙafa takwas yake zuwa? Na zaga rumfuna har takalmina ya yi baki. Wani ya ce ana samun mai ƙafa goma in an yi oda. Dogon da kake mafarki kuwa a jirgin ruwa ake kawo shi, kafin ya iso amaryarka ta koma makaranta. Ko ya iso, ta ina zai karya kwanar lungunku? Dogayen falankai za su kanannaɗe in sun sha ruwa, ƙarfe kuma zafi da santsi.

Ga abin da na gani wajen masu ƙera kwalekwale. Suna fere bakin falle biyu a karkace, har ƙarshen ya zama kamar takarda, su shafa gam, su ɗora wannan kan wancan, su danne har ya bushe. Na shafa da hannuna ban ji gaɓa ba. Na san ka da cewa katako daga haɗi yake karyewa, to ka ajiye taurin kan nan. Na ba direba falle uku da gam mai jure ruwa, na ukun na kuskure ne. Ka sa sandunan katako na tubayifo a ƙarƙashi su tallafe shi.

A gaida yayata uwargidanka, Allah ya ƙara mata haƙuri da kai.
Ƙanenka

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa, kaya sun iso. Sai da na yi fushi da kai na yini guda kafin na ɗauki abin firar katako. Na manta daɗin aikin nan. Ina fira, layukan cikin filawud suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar tuddan yashi a bakin kogi, ɗaki duk ƙamshin katako. Na danne haɗin da keken ɗinkin yayarka, da bokitan ruwa, da ni kaina, na zauna a kai ina karanta littafin ajinmu har gyangyaɗi ya kwashe ni.

Sai dai na yi abin da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Ƙasan ɗakina ce kaɗai shimfiɗaɗɗiya a gidan, don haka a ciki na haɗa. Da ya bushe muka ɗaga, ƙofar tana gefe, ya ƙi juyawa ya fita. Mun karkata, mun jingina, mun yi addu'a. Yayarka ta riƙe ƙugu ta ce, "Sannu gwani, ka haifi ɗan da ya fi ƙarfin ƙofa. Ɗauko zarto." Na ce sai dai a yanka ni.

Tagar ce ke fuskantarsa. Na cire ƙyaurenta da firam, na ɗan fasa bango, maƙwabta suka tarbe shi ta waje. Yanzu yana wurinsa. Na shiga baro da kofin ruwa a hannu, na rufe ido, yayarka ta turo ni tana zagina. Ruwa bai zube ba. Amma baro ba keke ba ne, bayana kuma ba nata ba ne. Uwarta ta ce ita za ta fara dubawa, in ta ji gaɓa a ƙarƙashin tafinta, babu hawa. Ka taya ni addu'a.

Tagar ban mayar ba tukuna, rami ne kawai mai faɗi, iska tana shiga yadda ta ga dama.

Yayanka

Ƙaramin Kaka,

Ina gaisuwa. Tsoho ya ce ni zan rubuta. Mama ta cire takalmi ta bi gadar sau biyu, ta matsa gefe. Na hau da kaina. Tsoho ya ce in nuna masa inda aka haɗa, na nuna, ya ce ba nan ba ne, yana ta dariya yana share ido.

Kada ka aiko da katakon taga. Daga kekena ina ganin jirgin tun daga kansa har wutsiya.

Jikarku