Ƙarfen Salwa

Jamus, Maris

Yaya Abdul-Latif,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina kasuwar Alabar? Ka gaida Mma, ka ce mata ga wasiƙar da ta matsa in rubuto, tunda ta ce maganar waya iska ce, ba ta maimaituwa a gaban baƙi.

Tana tambayar me nake yi a ƙasar sanyi. To ka karanta mata a hankali. Ƙarfe muke haɗawa. Yadda aka saba, ƙarfe ɗaya ne babba, a ɗan barbaɗa masa wasu. Mu kuwa ƙarafa biyar muke narkawa daidai wa daida, babu babba babu ƙarami. In ya huce in yanka, in goge har in ga fuskata a ciki, in sa a madubin ƙara girma. Sai ka ga ƙwayoyinsa a cakuɗe kamar shinkafa da wake a waakyen Mma. Idan ƙanana ne kuma sun jeru, ƙarfen zai yi ƙarfi. Idan sun ware gida-gida, nan zai tsage. Daga nan inji ya yi ta jansa har ya tsinke, mu ga iya juriyarsa.

Burinmu a samu wanda za a sa wa mutum a ƙugu in ƙashi ya karye, mai ƙarfi amma mai ɗan lanƙwasa irin ta ƙashi. Nawa yana ba da haɗin kai, har malamina mai rowar murmushi ya yi dariya.

Ƙanwarka mai ƙaunarku,
Salwa

Kumasi, Mayu

Zuwa ga Salwa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, alhamdulillahi.

Wasiƙarki ta sha karatu. Mma ta sa na karanta wa matan gida, na karanta a wurin suna a unguwar Buokrom, har mai koko ta san kina yin ƙarfen ƙashi. Yanzu Maman Injiniya ake ce mata.

Ta ɗan zame a bakin famfo, ƙafa na ɗan damunta, amma da sauƙi. Kada ki sa a ranki, ki yi karatunki.

Tambaya ɗaya: wannan ƙarfen naki, yaushe zai gamu? Ana iya aiko shi ta hannun mai zuwa? Mma ce ke son sani.

Allah ya ba da sa'a.
Yayanki,
Abdul-Latif

Jamus, Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Na yi ta kira kana cewa tana barci, shi ya sa na rubuto.

Kausara ɗiyar Kawu ta faɗa mini komai. Ƙugun Mma ne ya karye. Likita ya ce a sa mata ƙarfe tun makon farko, ta ce ba za a sa mata na wani bature ba alhali 'yarta na yin nata. Tun lokacin tana kwance, bayanta ya fara gyambo, tana tari. Kai kuma ka rubuto mini "da sauƙi"! Wallahi Yaya na yi fushi da kai, na kuma yi kuka har na kasa shiga ɗakin gwaji. Wane karatu ne ya fi ƙafar uwata?

Ka saurara. Ƙarfena bai fi maɓallin riga girma ba. Ko a jikin ɓera ba a gwada shi ba. Na makon jiya da muka yi ta lanƙwasawa a inji ya tsage ta tsakanin ƙwayoyin. Kafin a yarda a sa wa mutum sai an yi shekaru, mai yiwuwa ma ba za a taɓa sawa ba. Na asibiti ƙarfe ne mai kyau, an daɗe ana tafiya da shi.

Don Allah ka karanta mata wannan kamar yadda ka karanta waccan. A yi aikin nan. Ina neman izinin tahowa.

Taka,
Salwa

Kumasi, Yuli

Salwa,

Assalamu alaikum. Kin ji ta waya, amma akwai abin da ban iya faɗa ba.

Ban karanta mata wasiƙarki ba. Na buɗe, ta gyara kallabi tana murmushi, sai na kasa. Na ce mata ƙarfenki ya iso hannun likita. Nan take ta ce a kira mota.

Aikin ya yi kyau. Ƙirjin ne ya riga ya cika saboda daɗewa a kwance. Kafin jikin ya rikice an tsayar da ita sau ɗaya, ta riƙe gado, ta ce wa nas, "Kin gani? Ko nauyi babu. 'Yata ce ta yi."

Da ƙarfen aka binne ta. Duk unguwarmu ta Zongo sun ɗauka ƙarfenki ne. Ban gyara wa kowa ba, in kin iso ke ma kada ki gyara.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.
Yayanki,
Abdul-Latif