Hannun Baba Mai Hoto

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Mu duk lafiya lau, sai kewarki da ke damun mamarki. Ni kuwa kin san aiki bai bar ni na yi kewar kowa ba.

Na karanta bayanin aikinki sau uku. Ashe ba ke ce mai ɗaukar hotunan taurarin ba! Ni da na cika kunnen masu zuwa shagona da cewa 'yata ta gaje ni, sai dai tata kyamarar a sararin samaniya take yawo. Yanzu kin ce naki aikin shi ne kula da ƙananan idanun na'ura da ke riƙe madubin hangen nesan da ke ɗaukar hotunan kada ya motsa, kuma da su kike auna mazaunin tauraro ɗaya tal, yau shekara uku. To, ban raina ba. Shekara talatin da huɗu ina wannan sana'a, ba wanda ya koya mini, na kuma san hannun da bai tsaya ba ba ya fitar da hoto.

Amma ƙarshen takardarki bai yi mini daɗi ba. Wai kin jera wasiƙuna a tebur, kin sa rula, kin ga haruffana suna ƙara rawa kowace shekara. Wai in tauraro yana tangaɗi, akwai abin da ba a gani da ke jan sa. Ni ba tauraro ba ne, Auta. Biron ne ba shi da kyau. Babu likitan da zan je wa.

Ki gaida maigidan.

Mahaifinki.

Autata,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Sati biyar shiru, na san fushi ne. Zuciyar nan a wurina kika ɗauko ta.

Bari in faɗa miki abin da ko mamarki ba ta sani ba. Tun bara na daina riƙe kyamara a hannu, sai in kafa ta a kan ƙafafunta, ina ce wa mutane sabon yayi ne. Ranar Litinin wata tsohuwa ta zo hoton katin shaida. Da na taɓa maɓalli sai komai ya girgiza. Sau bakwai ana abu ɗaya, har ta tambaya ko ita ce ke motsi. Na ce ita ce. Baiwar Allah ta ba ni haƙuri!

Jiya na je asibiti. Likita ya sa ni zana da'ira da taɓa hanci kamar ɗan firamare. Ya ce ciwon jijiya ne, ba ya warkewa, amma magani yana lallaɓa shi, kuma gara da na zo da wuri. Ya tambayi wanda ya fara lura. Na ce 'yata ce, da rula, daga nesa. Na shiga yi masa bayanin aikinki har sai da nas ta leƙo ta ce akwai mutane a layi.

Gobe zan gaya wa mamarki. Don Allah ki bugo waya da hantsi ki tsaya mini, faɗanta ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Allah ya yi miki albarka.

Naki har kullum,
Baba Mai Hoto.