Jinin Ɗana Ya Bushe a Firizarku

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Gwajin Jini na asibitin da ɗana ya rasu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina fata kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni mai tuwo ce a Agege, nan aka haife ni. Na gaji da zaman benci a ƙofar ofishinka, shi ya sa na kawo kukana bainar jama'a.

Na ɗaya. Shekarun baya ɗana Mubarak ya kwanta ciwon da likitoci suka rasa gane kansa. Kafin ya cika aka ɗebi jininsa, aka ce za a daskarar a ajiye, ko wata rana a gano ciwon. Na yarda.

Na biyu. Bana ƙanwarsa Hafsa ta fara irin nasa, idanu rawaya, ciki na kumbura. Likitanta ya ce a ɗauko jinin yayanta a gwada da nata.

Na uku. Na yi ta rufe tukunya ina bin danfo, motar haya, ta Oshodi zuwa asibitin, yau a ce Oga ba ya nan, gobe a ce ana nema. Ranar da aka fito da 'yar kwalbar jinin, da idona na gani. Ga layin da aka ja inda jinin ya tsaya, amma abin da ya saura ɗan ɗigo ne a gindi, sai farar ƙanƙara ƙarƙashin murfi. Ma'aikaciyarku ta ce ba zubewa ya yi ba. Murfin ne bai kama sosai ba, kuma ruwan jini yakan fice sannu a hankali ko da a daskare yake. Ragowar ta yi kauri, duk abin da aka auna a ciki zai haura gaskiyarsa.

Ban ce kun kashe ɗana ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma amana na ba ku, kuma duk tsawon shekarun nan babu wanda ya ɗaga kwalbar ya duba.

Ina roƙo a bincika murafan sauran kwalaben, don na ga suna da yawa, kowace da mai jiranta. Wanda nasa ya bushe a sanar da shi. Ni kuwa a gaya mini kai tsaye ko ɗigon nan zai yi wa Hafsa amfani. In ba zai yi ba, in daina barinta kwance ina zuwa bin layi.

Allah Ya yi maka jagora, Ya raba ka da jinyar ɗa.

Wassalam.

Maman Mubarak,
Agege.