Mu Tamanin Ne, In Ji Kawu

Hajiya Ummulkhair, don girman Allah ki agaza mini da shawara, abin ya fi ƙarfin kaina. Wata uku ke nan Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, in na shiga ɗakinsa sai ya juya fuska bango.

Ni 'yar wani ƙaramin ƙauye ce a ƙasar Sule Tankarkar. Aure ya kawo ni Gumel, inda nake riƙe wa wani ɗan kasuwar riɗi littafin lissafi. Kawu Ɗalha, yayan mahaifiyata, shi ne mai unguwarmu. Shi ya sayar da san nomansa ya kai ni karatun akanta lokacin da mutane ke masa dariya. Har yau in na ɗauki biro sai na tuna san nan.

Bara ƙauyuka huɗu, har da namu, suka haɗa kai za su haƙa rijiyar burtsatse mai sola, a ja ruwa zuwa kowane gari. Aka ce a kira 'yar Ɗalha ta yanka wa kowa kasonsa na kuɗin. Na tafi ina jin kaina, Allah Ya sani. Na ce adalci shi ne kowane ƙauye ya biya gwargwadon bakunan da za su sha, don haka kowane mai unguwa ya faɗi yawan mutanensa. Babban ƙauye suka ce su ɗari shida da goma ne, na biyu ɗari huɗu, na uku ɗari uku da goma. Da aka zo kan Kawu, ya gyara zama ya ce mu tamanin ne.

Hajiya, gidan Kawu kaɗai ya kusa mutum arba'in. Wallahi mun haura ɗari uku. Amma kin san dattawanmu, tun zamanin haraji da jangali ba sa faɗa wa mai takarda gaskiyar yawan iyalinsu, kuma a wurin Kawu ƙirga 'ya'ya jawo musu baki ne. Na san mun fi tamanin, amma na rubuta. Ba zan ɓoye miki ba, har daɗi na ji, na ce talakawanmu sun samu sauƙi.

Aka haƙa rijiya, ruwa ya zo. Sai maganar kwamitin da zai kula da ita, kujera bakwai. Aka ce ai takardar ƙidaya tana nan, a raba da ita. Jimilla dubu ɗaya da ɗari huɗu, wato kowace kujera mutum ɗari biyu. Babban ƙauye ya samu uku, na biyu ya samu biyu, na uku ɗaya, saura kujera guda ga wanda ragowarsa ta fi yawa. Ragowar ƙauye na uku ɗari da goma, mu kuwa tamanin ɗinmu. Kawu yana kan tabarma yana kallona, yana jira in yi wata dabara. Na karanta abin da lissafi ya bayar, ba mu samu kujera ko ɗaya ba.

Da kuɗin bututu ya gaza, kwamiti ya zauna ya ce mutum tamanin za su iya haƙuri, a fara da masu yawa. Ba mu da mai cewa uffan a zaman. Har yau matanmu na takawa da jarkoki zuwa garin maƙwabta. Tayyiba, 'yar autar Kawu, da tsohon ciki take ɗauko ruwa.

A gari ana cewa Kawu ya ilimantar da yarinya ta zo ta sayar da su. Bayan babbar salla hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Maganarsa na fita kaɗan-kaɗan, yana yi da kowa ban da ni. Na kai masa zuma da magani, aka dawo mini da su a ledarsu. Ranar a mota na yi ta kuka har Gumel.

In na fito na ce ƙidayar ƙarya ce, na tona wa tsoho marar lafiya asiri a gaban sa'o'insa, kuma a biyo ƙauyenmu cikon kuɗi. Takardar tana hannuna, zan iya gyara lambar a ɓoye, mijina ma haka yake gani. In na yi shiru, ina tsoron Kawu ya koma ga Allah yana fushi da ni. Ya zan yi?

Mai biro daga Gumel

*

'Yata mai biro, Allah Ya ba Kawu lafiya, Ya sanyaya miki zuciya.

Ranar rabon kujeru ba ki yi laifi ba. Mudun da aka auna biya da shi, da shi ake auna wakilci, ba a saye da babban mudu a sayar da ƙarami. Laifinki yana baya, ranar da kika rubuta tamanin kina sane. Kawu ya yi abin da ya ga iyayensa na yi don kare jama'arsu, a zamanin da ƙidaya ba ta kawo komai sai karɓa. Bai san yanzu da ita ake bayarwa ba. Ke kin sani, don haka aka sayar da sa.

Kada ki taɓa takardar nan. Rana ɗaya za a gano, ki rasa amanar da kike cin abinci da ita, ƙauyenku ya rasa mutunci a kan rashin ruwa. Kada kuma ki yi shela a bainar jama'a. Fushin Kawu rabinsa kunya ce, ya san bakin da ya faɗi lambar.

Ki roƙi kwamiti a sake awo ga duka ƙauyukan huɗu, ba naku kaɗai ba, domin zan yi mamaki in Kawu ne kaɗai ya rage yawan mutanensa. Kuma kada a ƙirga kawuna. A ƙirga jarkokin da kowane ƙauye ke ɗiba na mako biyu. Jarka ba ta tsoron baki, ba kuma wanda za a kira maƙaryaci. Cikon da ya hau kanku a biya da kaka, in riɗi ya shigo, ke ki fara sa naki. Sannan ki kawo shawarar kowane ƙauye ya samu kujera ɗaya tukuna, a raba ukun da suka rage bisa yawa. Ko a Abuja, kowace jiha sanata uku gare ta komai ƙanƙantarta, a majalisar wakilai ne ake duba yawan jama'a. Za su iya ƙi, masu kujera ba sa son matsawa, amma ki gwada.

Kafin duk wannan, Juma'ar nan ki tafi gida, ba zuma ba takarda. Ki sa kowa ya fita, ki durƙusa, ki ce ke kika yi kuskure da ba ki faɗa masa abin da tamanin za ta jawo ba, ki nemi gafara da izininsa. Ko bai juyo ba kunnensa na ji. Kwamiti zai iya jiran wata mai zuwa, ban sani ba ko Kawu zai iya.

Allah Ya sauki Tayyiba lafiya, Ya sa Kawu ya yi alwala da ruwan famfon ƙofar gidansa, ke kina zuba masa.

Hajiya Ummulkhair